Kifi na cinye min tana amma ba ya kamuwa, ko sai na sayi sanda mai inji?

Wani bawan Allah ne ya turo tambaya, ya ce yana zuwa fatsa bakin dam ɗin Tiga ranar Asabar ko Lahadi, karfasa yake nema irin madaidaiciyar nan da za ta shiga kasko a soya wa yara, har ganinsu yake yi da idonsa a gefen ruwa, amma duk sanda ya ɗago sai ya tarar an cinye tanar an bar masa ƙugiya fayau, sai ya wuni da ƙyar ya haɗa biyu ko uku. Ya ce ƙugiya da zaren irin waɗanda ake kama tarwaɗa da su ne aka ba shi a kasuwa, yanzu yana tunanin ko ya tara kuɗi ya sayi sandar nan mai injin naɗe zare.

To Malam, kar ka sayi inji tukuna, riƙe kuɗinka. Amfanin inji shi ne jifa da nisa da kuma jan babban kifi irin giwan ruwa ko ramboshi da zai kwashi zare ya ruga, kai kuwa kifin da kake nema yana nan mita uku zuwa biyar daga inda kake tsaye. Matsalarka kayan aikin ne suka yi wa kifin girma, komai naka na tarwaɗa ne. Tarwaɗa bakinta faffaɗa ne, haɗiye abu take yi gaba ɗaya ta juya ta tafi, ko ba ka fizga ba, za ta kama kanta. Karfasa ba haka take ci ba, ƙaramin baki gare ta, tsotsar abu take yi ta ɗanɗana, in ta ji ƙarfe ko ta ji nauyi yana janta sai ta furzar nan take, in kuma tana ta yi tsawo sai ta kama jelar da ke lilo ta yi ta tsinka har ta ƙare ba ta taɓa kusantar tsinin ƙugiyar ba. Abin da ke faruwa da kai kenan.

Fara da ƙugiya. A lissafin ƙananan ƙugiyoyi in lamba ta ƙaru ƙugiya ƙanƙancewa take, lamba 12 ta fi lamba 8 ƙanƙanta, kuma na karfasa a yawancin kwalayen da ke shigowa daga waje tsakanin 8 zuwa 12 ne. Amma kar ka dogara da lamba kaɗai don kowane kamfani da nasa lissafin, wani kwalin sai ka ga lamba 14 ɗinsa ta kai 10 na wani. Ka sa a zuba maka a tafin hannu ka duba, faɗin da ke tsakanin tsini da jikin ƙugiyar ya zama wajen milimita 5 zuwa 7, wato bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, ƙarfen kuma siriri. Sannan ka gwada kaifinta a farce, ka ja tsinin a hankali a kan farcen babban yatsa, in ta maƙale tana kartar farcen to da kaifi, in ta zame sumul ajiye ta. Mutane suna raina wannan, wallahi ƙugiyar da ta sha duwatsu ta dakushe tana zubar da kifi fiye da duk wani kuskure, kuma ita ce mafi arha cikin kayan gaba ɗaya, in ta dakushe canza ta kawai.

Zare kuma na roba fari mai kaurin 0.18 zuwa 0.22, ana rubuta kaurin a jikin ƙwaryar zaren. Na 0.20 yana ɗaukar wajen kilo biyu da rabi zuwa uku, ina karfasar da za ta tsinka wannan? Wanda aka ba ka na tabbata 0.50 ne ko sama, irin wannan yana da tauri, ba ya barin tana ta yi motsi yadda ta saba, kuma in ruwa ya yi garau kifi na ganinsa. In kana tsoron sarƙewa a itace, sa 0.25 a sama, ka ɗaura guntun 0.18 mai tsawon kamu biyu a ƙasa inda ƙugiya take, in ta sarƙe na ƙasan ne zai tsinke ka tsira da sauran. Duk ƙullin da za ka yi ka jiƙa shi da yawu kafin ka ja ya matse, zaren roba in aka ja shi a bushe zafin gogayya yana raunana shi daidai wajen ƙullin. Kuma kar ka bar zare a rana cikin mota ko kan rufi, rana tana cinye ƙarfinsa.

Sanda ba sai na daɗe a kai ba. Busasshiyar gora miƙaƙƙiya mai mita uku zuwa huɗu wadda bakinta siriri ne yana lanƙwasa ta isa. In da hali akwai ta zamani wadda ake zuƙewa ta shige cikin juna, mita huɗu ko biyar, ba ta da nauyi, ita na fi so a saya a kan inji. Sai dai mai irin baƙin kabon ɗin nan tana ɗaukar lantarki, in hadari ya taso ana walƙiya kwantar da ita ka bar wurin, haka kar ka ɗaga ta kusa da wayar wuta. Tsawon zare ya ɗan gaza tsawon sandar kaɗan, yadda in ka ɗaga kifi zai zo hannunka kai tsaye.

Inda aikin yake shi ne totuwa da dalma, nan mafi yawan masu fatsa suke faɗuwa. Za ka ga mutum ya ɗaura ƙaton guntun silifas ko murfin jarka a matsayin abin da zai nuna masa ci, ya kuma sa dalma mai nauyi a ƙasa dab da ƙugiya, to ƙaramar karfasa ba ta da ƙarfin nutsar da wannan, ko ta taɓa ba za ka gani ba, ita kuma ta riga ta ji nauyi ta saki. Nemi totuwar karan dawa busasshiya, ka fere ta siririya tsawon ɗan yatsa, ko ƙashin gashin fiffiken agwagwa ko na talotalo, ka shafa wa kan jan fenti ko jan farce don ka riƙa hango shi, ka riƙe ta a jikin zare da 'yar roba irin ta bawul ɗin keke yadda za ka iya matsar da ita sama ko ƙasa. Sai ka kawo bokiti cike da ruwa tun a gida, ka riƙa ƙara dalma ƙanana, kowace ba ta wuce ƙwayar dawa ba, har totuwar ta miƙe tsaye ta nutse saura ɗan kanta kawai, kamar santimita ɗaya a waje. In ka daidaita ta haka, duk ɗan taɓin da kifi ya yi sai ka gani, kuma shi bai ji yana jan komai ba. Dalma ta ƙarshe ta kasance kamu ɗaya sama da ƙugiya, kar ta manne mata. Don Allah kar ka matse dalma da haƙori, sa filaya, kuma kar a narka ta a gida inda yara suke, guba ce, kowa ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Da ka isa bakin ruwa kafin ka sa tana, auna zurfi. Ka maƙala ɗan abu mai nauyi a ƙugiya, ko ɗan noti ne, ka saka a inda za ka yi fatsar, in totuwa ta nutse ka matsar da ita sama, in ta kwanta ka sauko da ita, har sai kanta ya tsaya daidai fuskar ruwa, to ka san zurfin wurin kenan. Daga nan ka sauko da totuwar kamar yatsa huɗu, abincin zai tsaya sama da ƙasa kaɗan, ba ya cikin laka ba ya kuma rataye a sama inda 'yan ƙanana za su yi masa rubdugu. In an jima ba ci, rage zurfin kamu ɗaya, in an jima ƙara ragewa, har ka gano layin da suke. Wannan 'yar wahalar ta minti biyar ita ce bambancin mutum biyu da ke zaune kusa da juna ɗaya na ɗagowa ɗaya na kallo.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa sabon mai fatsa ba, kifin da muke tarawa mu kira karfasa ko gargaza ba iri ɗaya ba ne, a ruwayen arewa akwai manyan iri uku kuma cinsu ya bambanta. Akwai mai jan ciki, wadda ƙirjinta ke yin ja kuma tana da baƙin ɗigo a ƙarshen ƙayar baya, ita ganyen ciyawar ruwa take ci da ƙwari, tana da zafin nama, ita ce ta fi saurin kama tana, kuma tana son wurin duwatsu da ciyawa. Akwai mai zane-zane a tsaye a jela, ita ce ake kiwo a gonakin kifi kuma ta fi sauran girma, babbarta yawanci gansakuka da ƙananan tsiran da ke sa ruwa ya yi kore take tacewa, shi ya sa za ka ga manya suna yawo gabanka ka jefa musu tana su wuce ko kallo ba su yi ba, wannan sai da ƙullin fulawa ko gansakuka, kuma sai an tara ta da dusa. Sai ta uku fara-fara mai faɗin jiki da ɗan mitsitsin baki, ita kam tace ruwa ne kusan duk abincinta, da wuya ta kama ƙugiya, rabon masu raga ce, in ita kake gani kar ka ɓata ranarka. Ina zargin rabin waɗanda kake hangowa a gefen ruwa cikin biyun ƙarshen nan suke.

Saboda haka kar ka je da abinci iri ɗaya. Tana tana nan a matsayinta, amma ƙaramar ja ta wajen makwararar ruwa ko ƙarƙashin juji mai laima, ba ƙatuwar damina ba, kuma guntu za ka sa, kamar tsawon gaɓar yatsa, ka zura ta ta rufe ƙugiyar tun daga lanƙwasa, ɗan abin da zai yi motsi a ƙarshe kar ya wuce rabin santimita, tsinin kuma ya ɗan leƙo. Gara tana aiki sosai, biyu ko uku a ƙugiya ɗaya, shinge ma in ya fito farkon damina kifi na haukacewa a kansa. Ƙananan fara, tsutsar da ke cikin taki, duk suna yi. Na ƙulli kuma, ka samu fulawa ko cikin biredi, ka haɗa da garin ƙuli-ƙuli mai laushi da ɗan ruwa kaɗan, ka murza sosai har ya yi danƙo ba ya manne wa yatsa, in yana saurin narkewa ka cuɗa 'yar auduga kaɗan a ciki ta riƙe shi. Abin da za ka sa a ƙugiya kar ya wuce ƙwayar wake ƙarama. Gansakuka kuwa irin mai zare-zaren nan kore da ke jikin duwatsu, ka ɗebo sabuwa a wurin, ka naɗa 'yar kaɗan a ƙugiya ka bar jela gajere, manyan masu zanen jela da suka ƙi komai sau da yawa ita suke ɗauka.

Sannan ka daina bin kifi, tara shi za ka yi. Dusar masara ko ta shinkafa kwano ɗaya, garin ƙuli-ƙuli cikin hannu biyu, ka haɗa da jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin ruwan kusan yawan dusar, ka dunƙula girman ƙwan kaza. Ƙasar ita ke sa dunƙulen ya nutse ya fashe a ƙasa, in dusa ce zalla sai ta watse a sama iska ta tafi da ita kifin ya bi ta. Jefa uku ko huɗu a wuri ɗaya da farko, ka zauna shiru minti goma sha biyar zuwa ashirin, daga baya duk bayan ɗan lokaci ka jefa ɗan ƙarami girman goro. Kar ka cika, so ake su taru suna nema ba su ƙoshi ba. In kana da wanda ke kusa da wurin da zai riƙa zuba maka dusa a gurbi ɗaya kwana biyu kafin ka zo, za ka sha mamaki.

Wajen zaɓen wuri, nemi inda ruwa bai wuce mita ɗaya zuwa biyu ba kuma akwai abin fakewa, gefen ciyawa, bakin bado, kututturen da ruwa ya shanye, duwatsu, ko 'yar kwana da iska ke turo kumfa da tarkace, don nan abinci ke taruwa. Ka sa ƙugiya a gefen ciyawar ba cikinta ba. Tiga tun da aka gama ta a 1974 aikinta ban ruwa ne, ana sakin ruwa zuwa gonakin Kadawa da su Kura, don haka da rani ruwan ja da baya yake yi, gurbin da ya ba ka kifi a Nuwamba kana iya zuwa a Afrilu ka tarar busasshiyar ƙasa ce, dole duk zuwa ka sake auna zurfi. Amma akwai riba a nan, lokacin da ruwa ya janye ka zaga ka haddace inda duwatsu da kututture da ramuka suke, ko ka ɗauki hoto a waya, in ruwa ya dawo ka san abin da ke ƙasa. Haka abin yake a dam ɗin Challawa da na Watari. Kuma karfasa tana da ido tana da tsoro, zauna ƙasa kar ka tsaya ƙiƙam a kan gaɓa da farar riga, kar inuwarka ta faɗa kan ruwan, kar a yi ta buga ƙafa ko jan bokiti, jijjigar ƙasa tana isa gare su fiye da surutu. Ka kuma gaida masuntan wurin, ka tambayi inda suka kafa raga da gura don kar ka sarƙe musu kaya, in akwai Sarkin Ruwa a gaishe shi, su ne za su gaya maka inda ke da rami mai haɗari.

Lokaci kuma ya danganta da yanayi. Karfasa kifin ɗumi ce, ta fi ci in ruwa yana wajen digiri 27 zuwa 30, in ya sauka ƙasa da 20 cinta yana raguwa sosai. To da bazara daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar zuwa magariba. Da hunturu kuwa sammako wahalar banza ce, bari rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi, daga sha ɗaya zuwa la'asar, ka nemi wurin da iska ba ta bugawa. Tsakiyar damina in ruwa ya yi ja da laka ci yana lalacewa, sai dai tana da gara a inda sabon ruwa ya hau kan ciyawa. Ni a wurina babu kamar kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya cika ya kwanta ya fara washewa, kifin ya yi ƙiba, sanyi bai kankama ba.

Fizga ita ma sai an koya. Za ka ga totuwa tana rawa tana ɗan dangwala kai, wannan ɗanɗano ne ko 'yan ƙanana, kar ka taɓa. Jira ɗayan uku, ko ta nutse ta zauna a ƙasa, ko ta kama tafiya gefe a hankali, ko ta taso sama ta nemi kwanciya, wannan na ƙarshen kifi ne ya ɗauki abincin ya ɗaga dalma, kuma sau da yawa babba ne. Da ka ga haka ɗaga sandar da wuyan hannu kawai, kaɗan, ba da kafaɗa ba, leɓenta ba shi da kauri, fizgar ƙarfi yaga shi take yi. Kar ka bar zare ya yi sako-sako a kan ruwa tsakanin bakin sanda da totuwa, in ya yi ciki kafin fizgar ta isa ƙugiya kifin ya furzar. In ka kama, janye shi gefe daga gurbin da sauri don kar fantsamarsa ta kori sauran.

Da wannan ƙaramin kayan ba karfasa kaɗai za ka samu ba, kawara za ta zo musamman in abincin yana sama-sama, ita saurin ci gare ta sai ka yi hanzari, kuma da daɗi a soye. Kurungu ma yana kama tana in ta kwanta a ƙasa, shi ka yi hankali da shi, ƙayoyinsa uku na baya da na gefe biyu yana miƙar da su ya kulle, suna da zarto, sukarsu tana da raɗaɗi sosai, ka riƙe shi da tsumma ta bayan ƙayoyin. Karfasa ma ka shafo ta daga kai zuwa baya ƙayar ta kwanta sannan ka damƙe.

Abu ɗaya da nake roƙo, in ka ɗago mai zanen jela ka ga maƙogwaronta ya kumbura ko ƙwai ko 'ya'ya suna zubowa daga bakinta, mayar da ita a hankali, a baki take renon 'ya'yanta. Da wuya ma ta kama ƙugiya a wannan halin don ba ta cika ci ba, amma yana faruwa. Haka ramukan nan masu kama da faranti da za ka gani a yashi cikin ruwa marar zurfi, gidajen aurensu ne, kar a tattake. A babban dam 'yan ƙananan da ba su kai yatsa uku a faɗi ba a sake su. A ƙaramin tafki ko kududdufi kuwa lissafin daban ne, can karfasa haihuwa take yi tun tana 'yar ƙarama har su cika wurin abinci ya gaza duk su tsumbure, rage su ma gyara ne. Wanda kuma ya ba ka shawarar zuba magani a ruwa ko sa lantarki, ka guje shi, dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa da lantarki, kuma mutane da dabbobi suna shan ruwan nan.

In za ka daɗe, ajiye kifin da rai cikin buhun raga a ruwa a inuwa, kar ka zuba shi a leda a rana, cikin awa kaɗan zai fara laushi. In kana da kula mai ƙanƙara a ciki ya fi, ka fasa cikin ka cire hanji da jan abin numfashin da ke cikin kunnen, ka kula kar matsarmama ta fashe, ka kankare baƙin fatar nan da ke cikin cikin ka wanke, ita da ragowar gansakukar hanji ke kawo ɗaci da warin laka.

Sai maganar tsargiya, tunda ka ambaci yara ina jin wata rana za ka tafi da su. Ruwan dam da na magudanan ban ruwa a yankin nan akwai ta, ƙwayar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwar da ke maƙale a ciyawar gefen ruwa, ta fata take shiga ba sai an sha ba, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana. Yi fatsarka daga kan gaɓa, in dole sai ka shiga sa dogon takalmin roba, yara kuma kar a bar su su yi wanka ko wasa a gefen ciyawar. In ka ga jini a ƙarshen fitsari, naka ko na yaro, ko da makonni sun wuce da zuwa ruwan, a je asibiti a gwada fitsarin, maganinta praziquantel ne kuma da nauyin jiki ko tsawon mutum ake auna shi, don haka bari ma'aikacin lafiya ya auna ya bayar.